LITTAFIN FATA DA FAIFAN LEZA: RAYA TSOHUWAR KWAMFUTA DA ADANA ABIN DA KE CIKINTA



Gabatarwa

Da aka nemi in yi lacca a kan gyaran tsohuwar kwamfuta da adana manhajarta, na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa, mene ne abin tara jama'a a kan tarkacen da aka riga aka jefar ba. Wanda ya sami sabon inji mai sauri, me zai yi da wanda ya shekara arba'in a cikin sito? Wannan tambaya tana bisa hanya, kuma ita zan yi ƙoƙarin amsawa. Amma maimakon in yi ta zagaye a kan injuna iri-iri, na ga ya fi kyau in ɗauki misali guda wanda labarinsa ya tabbata, mu bi shi tun daga farko har ƙarshe. Misalin daga ƙasar Ingila yake. Bayan mun gama da shi, sa'an nan mu waiwayo gida mu ga abin da ya shafe mu.

Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne wannan. Rubutun takarda ido kaɗai yake bukata, da sanin harshen da aka yi shi. Rubutun kwamfuta kuwa yana bukatar faifan da aka ajiye shi, da injin da zai karanta faifan, da manhajar da za ta fassara abin da aka karanto, watau jerin umarnin da aka rubuta wa injin. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, rubutun ya tafi, ko da kuwa faifan yana nan a hannunka yana ƙyalli.

Littattafai biyu masu suna ɗaya

A ƙarshen shekarar 1085, Sarki Wiliyam, wanda ya ƙetaro daga Nomandi ta ƙasar Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya ba da umarni a bi ƙasar lungu-lungu a rubuta abin da ke cikinta. A 1086 wakilansa suka bazu suna tambaya: wane ne ke riƙe da wannan ƙasa, garma nawa ake nomanta da su, talakawa nawa ne, bayi nawa ne, nawa take kawowa a shekara? Duk wanda ya san kundin haraji da jangali na zamanin En'e zai gane irin littafin da ake nufi. Aka rubuta labarin wurare fiye da 13,000 da harshen Latin, da tawada, a kan fatun tumaki. Daga baya jama'a suka laƙaba masa suna Domesday, watau Ranar Hisabi, domin abin da ya faɗa ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Littafin yana nan a gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew a birnin Landan, kuma wanda ya iya Latin na wancan zamani zai karanta shi yau kamar yadda aka karanta shi jiya.

Da littafin ya kusa cika shekara 900, sai gidan rediyo da talabijin na BBC ya yi niyyar yin sabon Domesday irin na zamani, a ƙarƙashin jagorancin wani ma'aikacinsa mai suna Peter Armstrong. Aka yi aikin daga 1984 zuwa 1986, tare da kamfanonin Acorn da Philips da Logica. Aka yanka taswirar ƙasar gida-gida, kowane gida kilomita 3 a tsaye, 4 a kwance, aka roƙi makarantu da ƙungiyoyi kowa ya ɗauki gidansa ya rubuta yadda rayuwa take a can, ya haɗo da hotuna. Dubban makarantu suka amsa, aka kuma ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka sa hannu, galibinsu yara. Suka rubuta labarin kasuwarsu da gonakinsu, da sana'ar iyayensu, da abin da suke ci, da abin da ke damunsu. Aka tara shafi wajen 150,000 da hotuna fiye da 20,000.

Duk wannan aka zuba shi a faifai guda, wanda aka kira faifan jama'a. Aka yi na biyu, faifan ƙasa, mai ɗauke da alƙaluman ƙidayar 1981, da taswirori, da hotuna, da fina-finan labarai na shekarun nan. Aikin ya ci kuɗi wajen fam miliyan biyu da rabi, aka fito da shi a watan Nuwamba na 1986.

Injin da kansa

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san injin da aka ɗora wa wannan kaya. A watan Disamba na 1981 kamfanin Acorn da ke Kambirij ya fito da wata ƙaramar kwamfuta mai suna BBC Micro, wadda aka ƙera domin shirin BBC na koya wa jama'a aiki da kwamfuta. Siffarta kamar tafireta ce mai faɗi, ana haɗa ta da akwatin talabijin. Ƙwaƙwalwarta ita ce ƙwayar nan mai lamba 6502, kuma ma'ajin aikinta, a samfurin da ya fi yaɗuwa, kilobayit 32 ne. Domin ku gane ƙanƙantar wannan, lacca biyu irin wadda nake yi muku yanzu sun isa su cika shi. Duk da haka an sayar da wajen miliyan ɗaya da rabi, ta kuma shiga mafi yawan makarantun Birtaniya. Daɗin daɗawa, a wannan kamfani ne Sophie Wilson da Steve Furber suka tsara ƙwayar ARM, wadda ta fara aiki a 1985, wadda kuma zuriyarta ce ke cikin kusan kowace wayar hannu da ke aljihunku. Ashe ke nan tsohuwar da muke magana a kanta kakar abin da ke hannunmu ce.

A 1986 aka fito da ƙanwarta mai suna BBC Master, mai kilobayit 128, ita ce kuma aka zaɓa domin Domesday. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ba. Aka ƙara mata ƙwaƙwalwa ta biyu, da wani allo na musamman da ke haɗa ta da injin faifai, da wata ƙwallo da ake murzawa da tafin hannu domin nuna wuri a fuskar talabijin. Injin faifan shi ne Philips VP415. Faifan kuwa faɗinsa santimita 30 ne, kamar babban faifan garmaho, amma da hasken leza ake karanta shi. Kowace fuska tana ɗaukar hoto 54,000, an ajiye su kamar yadda ake ajiye hoton talabijin, sa'an nan a gurbin da aka saba sa murya aka cusa rubutu da alƙaluma na wajen megabayit 300. Kwamfutar ce ke ɗauko rubutun ta shimfiɗa shi a kan hoton. Manhajar da ke wannan aiki an rubuta ta da wani harshen kwamfuta mai suna BCPL, wanda ko a lokacin masu amfani da shi ba su da yawa.

Yadda aka kusa yin hasara

A zamaninsa wannan tsari abin al'ajabi ne, domin babu intanet irin ta yau, faifan CD na kwamfuta kuwa bai daɗe da fitowa ba, bai kuma iya ɗaukar hotuna masu yawa haka ba. Amma cikakken injin ya kai wajen fam 5,000, kuɗin da makarantu kaɗan ne suka iya biya. Abin da aka sayar bai wuce wajen guda 1,000 ba. Kasuwa ta juya wajen CD, aka daina ƙera VP415, aka daina ƙera Master a farkon shekarun 1990, kafin ƙarshen 1999 kuma sunan Acorn ya fita daga kasuwar kwamfuta. Injinan da ke makarantu da ɗakunan karatu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu kayan gyara, babu mai gyara.

A watan Maris na 2002 jaridar Observer ta Landan ta buga labarin da ya ta da hankalin masu adana tarihi: littafin fata ya haura shekara 900 ana karanta shi, na leza kuwa ya gaza a shekara 15. A lura da kyau, faifan ba su ɓace ba, suna nan a kan kanta. Abin da ya ƙare shi ne injin da zai karanta su, da mutanen da suka san yadda aka tsara abin da ke ciki. Aikin hannun yara miliyan guda ya zama kamar dukiya a cikin akwatin ƙarfe wanda mabuɗinsa ya faɗa rijiya.

To, yaya ake ceto irin wannan? Aikin kashi biyu ne: gyaran ƙarfen, da kwashe abin da ke cikin faifan. Bari mu ɗauke su ɗaya-ɗaya.

Gyaran ƙarfe

Doka ta farko ga wanda ya tsinci tsohuwar kwamfuta ita ce kada ya kunna ta. Zuciya za ta so a ga ko tana aiki, amma injin da ya shekara talatin a ajiye yana iya hallaka a cikin daƙiƙa guda. Abin da za a fara yi shi ne a rubuta lambarta da inda aka same ta, a ɗauki hotonta ciki da waje, a kuma duba ƙarfin wutar da aka ƙera ta dominsa. Injin Ingila yana shan wuta irin tamu, amma wanda aka yi domin Amurka na volt 110 zuwa 120 ne, in aka sa shi a bangonmu sai dai a ji ƙauri.

Abu na biyu shi ne batir. Kwamfutar Master tana da batura a cikinta waɗanda ke riƙe mata agogo da tsarin da aka saita ta a kai in an kashe wuta. In suka tsufa sai su yi yoyo, ruwansu ya bi allon yana cin siraran hanyoyin tagulla da wuta ke bi, ya bar wani kore-kore kamar gansakuka. Masu gyara sukan cire baturan, su kashe kaifin ruwan da ɗan abu mai tsami, su wanke da sifirit, sa'an nan su bi hanyoyin da mita ɗaya bayan ɗaya. Inda hanya ta yanke sai a yi mata gada da siririyar waya da dalma. Batir na 'yan kuɗi kaɗan ya kashe tsofaffin kwamfutoci masu ɗimbin yawa, saboda haka ko ba za a gyara inji yanzu ba, a cire masa batir kafin a mayar da shi sito.

Abu na uku shi ne kafasita, watau 'yan ƙananan ma'ajin wuta da duk mai gyaran rediyo ya sani. A sashen da ke karɓar wuta daga bango na waɗannan injuna akwai wani iri da aka yi da takarda aka rufe da roba mai tauri. Da shekaru suka tura sai robar ta tsattsage, laima ta shiga, ranar da aka kunna sai ta fashe da hayaƙi mai wari. Kusan duk wanda ya taɓa raya BBC Micro ya san wannan hayaƙi. Maganinsa shi ne a sauya su tun kafin a ba injin wuta. Akwai kuma wani iri mai ruwa a ciki, wanda yakan bushe ko ya kumbura, shi ma a auna shi. A nan dole in yi gargaɗi ga ɗalibai: sashen wuta da tsohon akwatin talabijin mai kwalba suna riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare su daga bango. Wanda bai koya ba kada ya sa hannu.

In an gama wannan sai a auna sashen wutar shi kaɗai, a tabbata yana ba da volt 5 daidai, kafin a haɗa shi da allon. Sa'an nan a kunna, a kasa kunne. Lafiyayyar BBC Micro takan yi ƙara biyu in ta tashi, ɗaya mai kauri, ɗaya siririya. In ta kama ƙara guda ta riƙe ba ta saki ba, to akwai cuta a ciki, sau da yawa a ƙwayoyin ma'aji ko a ƙafafun wata ƙwaya da suka yi tsatsa a mazauninsu. Waɗansu ƙwayoyin ana samun madadinsu har yanzu. Waɗansu kuwa domin wannan inji kaɗai aka ƙera su, sai dai a ciro daga wata matacciya, ko a yi amfani da sababbin da masu sha'awar abin suka tsara su yi aiki iri ɗaya.

Akwai wata muhawara da ya kamata ku sani. Robar jikin waɗannan injuna takan koma ruwan ɗorawa saboda tsufa da hasken rana, waɗansu kuma sukan shafa mata sinadari su shanya domin ta yi fari. Masu gidajen tarihi da yawa ba su son haka, domin launin yakan dawo, kuma abin da aka yi wa robar ba ya warwaruwa. Ƙa'idarsu ita ce kada a yi wa abin tarihi aikin da ba za a iya komawa baya a kansa ba, duk abin da aka cire a sa shi a ambulan a rubuta ranar da dalili, a ajiye tare da injin. Mai gyara domin kansa yana son inji ya yi kyau. Mai gyara domin tarihi yana son wanda zai zo bayansa ya san abin da aka taɓa da abin da ba a taɓa ba.

Ceton abin da ke cikin faifai

Ƙarfe ko ya mutu ana iya samun wani irinsa. Abin da wani ya rubuta a faifansa kuwa, in babu juyinsa a wani wuri, shi ke nan. Saboda haka masana suka ce ceton faifai yana gaba da gyaran inji.

Masu BBC Micro sun ajiye aikinsu a kaset irin na rediyo, ko a lallausan faifai mai faɗin inci 5¼, wanda ƙaraminsa ke ɗaukar kilobayit 100 a fuska guda. Faifan nan leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu. Zafi da laima suna sa abin da ya manne garin ya saki, fumfuna kuma takan tsiro a kai. In aka sa irin wannan a inji, kan da ke karatu zai kankare garin ya tafi da rubutun, har ya ɓata faifan da za a sa bayansa. Don haka akan duba faifan da ido tukuna, a tsabtace shi, a toshe 'yar kafar da ke gefensa domin kada inji ya yi rubutu a kai bisa kuskure, a kuma ɗauka cewa karatun farko yana iya zama na ƙarshe.

Hanyar da ta fi inganci yanzu ita ce a yi amfani da 'yan na'urori irin su KryoFlux da Greaseweazle. Su ba ruwansu da ma'anar abin da ke faifan. Aikinsu shi ne su auna kowane juyin maganaɗisu da lokacin da ya ɗauka, su rubuta shi yadda yake. Misalinsu kamar mai juyar littafi ne wanda yake kwaikwayon kowane ɗigo da kowane lanƙwasa ko da bai fahimci kalmar ba, ya bar fassara ga malaman da za su zo. Amfanin wannan shi ne, ko an sami wurin da ya lalace, ko wata dabara da masu manhaja suka yi domin hana satar aikinsu, duk an kwashe, ana iya komawa a yi nazari ba tare da an sake wahalar da faifan ba.

Faifan leza shi ma yana da tasa cutar. A tsakiyarsa akwai shafen alminiyam mai ƙyalli, in iska ta sami hanyar shiga sai ya dushe, hoto ya cika da ɗige-ɗige. A 2003 Andy Finney, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin tun asali, ya koma ga manyan kaset-kaset na bidiyo da aka buga faifan daga gare su, aka juye hotunan zuwa tsarin lambobi. A ƙarshen shekarun 2010 kuma waɗansu masu sha'awa suka ƙera wata na'ura da suka kira Domesday Duplicator, wadda ke kama ɗanyen saƙon da hasken leza ya karanto tun kafin injin ya sarrafa shi. Da ita ana iya karanta faifai da yawa masu abu ɗaya, a cike gurbin da wannan ya rasa da abin da wancan ya riƙe. Malamanmu sun san wannan dabara tun da daɗewa, domin haka suke gwama juyi biyu ko uku na littafi guda su fitar da ingantacce.

Hanyoyi uku na adanawa

Bayan an kwashe abin da ke faifai, saura yadda za a riƙa karanta shi. A nan hanyoyi uku ne, kuma duk an gwada su a kan Domesday.

Ta farko ita ce a riƙe injin na asali yana aiki. Gidan tarihin kwamfuta da ke Bletchley Park da wanda ke Kambirij sun yi wannan ƙoƙari. Amfaninta shi ne mutum ya ga abin yadda yaran 1986 suka gan shi, ya ji nauyin ƙwallon a hannunsa, ya jira injin ya nemo hoto. Gani ya kori ji. Aibinta shi ne ƙarfe ba ya dawwama, kuma kullum kayan gyara raguwa suke yi.

Ta biyu ita ce kwaikwayo, watau a rubuta manhajar da za ta sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar, har tsohuwar manhaja ta hau kanta ba ta san an sauya mata gida ba. Jami'ar Leeds ta Ingila da Jami'ar Michigan ta Amurka sun haɗa kai a wani shiri mai suna CAMiLEON, a watan Disamba na 2002 suka nuna Domesday yana aiki a kan kwamfutar zamani ta wannan hanya. Sai da suka kwaikwayi kwamfutar, da ƙwaƙwalwa ta biyu, da injin faifan, da yadda suke magana da juna. Sai dai ita ma manhajar kwaikwayon tana tsufa, tana bukatar mai kula da ita.

Ta uku ita ce ƙaura, watau a ciro rubutun da hotunan a zuba su a sabon tsari. Wani masani mai zaman kansa ya yi haka da faifan jama'a, ya sa shi a intanet a 2004, amma bayan rasuwarsa a 2008 shafin ya rufe. A 2011 BBC ta sake fito da rubutun da hotunan a shafinta da sunan Domesday Reloaded, mutanen da suka yi rubutun suna yara suka nemo abin da suka rubuta shekara 25 da suka wuce. Daga baya aka miƙa wannan ga gidan adana takardun tarihi na Kew. Faifan ƙasa kuwa bai sami irin wannan fita ba, saboda kayan da ke cikinsa na masu haƙƙi ne da yawa, kuma a 1986 babu wanda ya nemi izninsu domin wata hanyar yaɗawa da ba a san za a yi ta ba.

Ku duba darussan da ke nan. Aikin da ya rataya a wuyan mutum guda yana tafiya tare da shi. Ceto ɗaya ba ya isa, domin an ceci Domesday a 2002, aka sake a 2004, aka sake a 2011, ba a kuma gama ba. Sa'an nan takardar izni da takardar bayanin yadda aka tsara aiki suna cikin abin da ake adanawa, daidai da faifan kansa.

Abin da ya shafe mu

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In ƙasar da ta ƙera injin, mai kuɗi da masana da sanyin yanayi, ta kusa rasa aikin fam miliyan biyu da rabi a shekara 15, ina ga mu da muke fama da zafin bazara, da ƙurar hunturu, da laimar damina, da wutar lantarki mai hawa da sauka?

Tun daga shekarun 1980 zuwa na 1990 ofisoshi da jami'o'in ƙasar nan suka shiga aiki da kwamfuta. An rubuta kundayen digiri, da lissafin albashi, da rajistar ma'aikata, da sakamakon bincike, da manhajoji irin su WordStar da WordPerfect da dBase da Lotus 1-2-3, aka ajiye a lallausan faifai. Kamfanin Sony ya daina ƙera faifai mai inci 3½ a 2011, kwamfutocin yau kuma ba su da ramin sa shi. Ina roƙon kowane ma'aikaci da ke nan ya tambayi kansa, faifan da ke cikin kabad ɗin ofishinsa, wa zai iya buɗe su yau? Ranar da wani dattijo zai zo neman shaidar shekarun aikinsa domin fansho, ko ranar da za a yi gardama a kan fili, a nan za a san darajarsu.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin matsala. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa a kwamfuta sun yi amfani da haruffa na musamman da aka ƙera domin samun ƙ da ɗ da ɓ. In aka buɗe irin wannan rubutu a injin da ba shi da waɗannan haruffa, sai a ga waɗansu alamomi barkatai a gurbin masu ƙugiya. Wanda zai adana rubutun, sai ya adana haruffan tare da shi, ko ya mayar da shi tsarin yau tun akwai wanda ya san wace alama ce ke madadin wane harafi.

Amma ba baƙon aiki ba ne a gare mu. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da Malam Abdullahi, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Nana Asma'u, yawancinsu sun iso gare mu ne ta hannun almajirai da suka zauna suka juye su, wani daga wani, kafin gara da ruwa su cinye na farko. Abin da ke gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da ɗakunan karatu na jami'o'inmu, albarkacin wannan juyi ne. Takarda tana ba mai ita shekaru masu yawa kafin ta nemi a juye ta. Faifai ba ya ba da irin wannan sarari. Bambancin ke nan.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta ɗaya, kowane ofishi da kowane sashe na jami'a ya ƙidaya tsofaffin faifai da injunan da ke hannunsa, ya rubuta abin da aka sani game da su tun waɗanda suka yi aiki da su suna nan. Ta biyu, kada a yi gwanjon tsohuwar kwamfuta sai an kwashe abin da ke cikinta, a kuma bar ko guda ɗaya mai aiki daga kowane iri, da littattafanta da wayoyinta. Ta uku, abin da aka kwashe a yi masa juyi uku, a ajiye a wurare dabam-dabam, a riƙa duba su lokaci-lokaci, a kuma fitar da muhimman takardu a tsari mai sauƙi da kowane inji zai karanta. Ta huɗu, a ɗora wannan aiki a kan kujera, a sa shi cikin kasafin kuɗi da takardar miƙa aiki, domin kada ya bi mutum guda zuwa ritaya.

Kammalawa

Shugaban taro, na fara da tambayar abin da za a yi da injin da ya shekara arba'in a sito. Amsata ita ce, wani lokaci shi kaɗai ne ya rage da zai iya karanta abin da magabatanmu na kusa suka rubuta. Ga ɗalibanmu na sashen lantarki da na kimiyyar kwamfuta, ga fili nan na bincike wanda ba ya bukatar kuɗi masu yawa, sai haƙuri da tsabtar aiki. Ga ɗaliban tarihi da na aikin ɗakin karatu, ku sani takardun da za a rubuta tarihin shekarun 1990 da su, da yawansu suna kan leda mai maganaɗisu, kuma kwanansu yana ƙarewa. Ga ma'aikata kuwa, amanar da aka ba ku ba ta tsaya a fayil na takarda ba.

 Allah ya ba mu ikon riƙe amana.